Yaƙin Bencin Gaba da Tukunyar Ukashatu

Godiya ta tabbata ga Mai ciyar da tsuntsun dawa da ɗalibin ƙarshen zango. Bayan haka, wannan shi ne tarihin sadauki ɗan sadauki, Ukashatu ɗan Malam Tanimu mai facin keke, jikan Barau wanda ya kori kura da muciya, ko da yake wasu maruwaita sun ce karen maƙwabta ne, tattaɓa-kunnen Jatau Dogo wanda bai taɓa gudu a fagen fama ba saboda bai taɓa zuwa ba. Shi ne Jarman Ɗaki Mai Yoyo, Garkuwan 'Yan Ajin Farko, Ubandawakin masu shan garin kwaki ba sukari, gwarzon da ke kwana da yunwa ya tashi yana sakace.

An ruwaito cewa a shekararsa ta farko a kwaleji, da zangon karatu ya yi nisa, buhun garin da ya zo da shi daga gida ya kai gargara, har ya zamana in an kaɗa shi ba abin da ke fitowa sai ƙura. Ya buga wa mahaifinsa waya yana neman ɗauki. Malam Tanimu ya saurare shi da kyau, ya yi masa doguwar addu'a, sannan ya ce ya yi haƙuri sai kaka, alhali kuwa gero ko kai bai fitar ba. Tsoro ya kama Ukashatu ƙwarai, don ya san addu'a ba ta jiƙuwa a kofi.

Ya dubi abokan zamansa, kowa da sana'arsa. Wannan aski yake yi, wancan guga, wani yana sayar da katin waya, wata tana suyar awara a bakin ƙofar makaranta. Amma kowace sana'a ya leƙa sai ta tambaye shi jari, shi kuwa jarinsa a duniya bai wuce ƙafafu biyu da tarkacen ɗaki da tashin asuba ba, shi ma tashin asubar ba tsoron Allah ne kaɗai ke jawo shi ba, ciki ne ke kiran salla tun kafin ladan.

To, a kwalejin nan akwai wani babban ɗakin lakca inda Dakta Sambo ke koyar da ilimin tattalin arziki. Dakta Sambo mutum ne mai magana kamar yana gulma, lasifikar ɗakin kuwa ta riga mu gidan gaskiya tun zamanin da ba wanda ke tunawa. Ba ya raba takardar darasi, jarrabawarsa kuma daga bakinsa take fitowa, saboda haka wanda bai sami bencin gaba ba sai dai ya kalli motsin leɓe ya yi ta fatan alheri. Kuma akwai wata doka wadda ba a rubuta ba amma ko ɓarawon waya yana girmama ta: duk wanda ya ajiye kayansa a kan benci, wurin ya zama nasa har ya zo. Da Ukashatu ya haɗa waɗannan al'amura a ƙwaƙwalwarsa, sai ilhama ta sauko masa, ya ga kasuwar da ba ta neman jari.

Ya tafi fadar Munzali, ɗan gatan ajin, wanda ba ya tashi sai rana ta take, wanda turarensa ke riga shi isa wuri. Aka ƙulla yarjejeniya.

"Ka kama mana gaba ni da mutanena," in ji Munzali daga kan katifa. "Ana tashi daga lakca kowa zai sallame ka. Ni kuma garau-garau da kifi, a wuyana."

Ukashatu bai nemi kafin alƙalami ba, don a ganinsa wannan ɗabi'ar ƙananan 'yan kasuwa ce. Masana tarihi sun yi ittifaƙi cewa nan ne ya fara shan ƙasa, amma shi a lokacin kifi kawai yake gani.

Da gari ya waye, liman bai gama sallama ta biyu ba sadauki ya riga ya kai ƙofa. Ya tara rundunarsa a tsakar ɗaki, ya duba sahu: tukunya ce Sarkin Yaƙi, murfinta Madawaki, bokiti a ɓangaren dama, buta a hagu, darduma ce tuta, sai dakaru 'yan ƙasa, wato kofin shan gari da cokali da soson wanka da wani littafi da ya aro bai taɓa buɗewa ba. Ya yunƙura da su gaba ɗaya, ya ratsa filin ƙwallo, ya ƙetare kwatar bayan kicin wadda ta ci takalman mazaje kafin shi, ya tsallake mai gadi yana gyangyaɗi, ƙarar cokali a cikin tukunya tana masa tambari, har ya isa ɗakin lakca ya auka wa bencin gaba ba tare da ya tarar da kowa ba sai wani ƙadangare, wanda ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya yi hijira ta taga.

Ya shiga girke dakaru, kowane a mazauninsa. Sai dai benci dogo ne, runduna kuwa gajeriya. Yana cikin wannan lissafi sai ƙofa ta buɗe, abokiyar gaba ta bayyana: Balaraba, Sarauniyar Sammako, wadda ke kama wa ƙawayenta wuri kyauta, abin da ya fi kowane zalunci muni a shari'ar kasuwanci. Makaminta ɗaya ne, wani mayafi mai tsawon da in ta warware shi yakan cinye rabin benci. Ta kama gefensa ta ɗaga hannu.

"Da mutum!" Ukashatu ya yi kururuwa. "Da mutum a nan!"

"Wane mutum? Ni buta nake gani."

"Butar wakiliya ce!"

Nan fa aka yi artabun da bangon ɗakin bai taɓa ganin irinsa ba. Mayafi ya taso daga gabas, Ukashatu ya tare shi da hula. Ya ciro takalmin dama ya harba, ya sauka daidai. Ya ciro na hagu ya harba, ya wuce benci ya tafi inda Allah kaɗai ya sani. Ya tuɓe agogonsa da ya daɗe da tsayawa ya jefa shi cikin daga, ya bi shi da tsinken sakace, kuma da ya ga makamai sun ƙare alhali da sauran fili, sai ya yi abin da kakan babansa Jatau bai taɓa mafarkinsa ba: ya yi kabbara ya faɗa kan bencin da kansa, ya miƙe tsawonsa, ya baje hannuwa da ƙafafu.

Balaraba ta tsaya ta dube shi. "Allah ya ba ka lafiya, Malam," ta ce, ta shimfiɗa mayafinta a benci na biyu. Ukashatu ya ƙidaya wannan a matsayin miƙa wuya.

Hantsi ya dubi ludayi, jama'a suka cika ɗaki maƙil. Can sai ga turare, sai ga Munzali da muƙarrabansa suna hamma. Kowa ya ɗaga wakilinsa ya miƙa wa Ukashatu ya zauna. Da na ƙarshe ya zauna ne sadauki ya lura cewa ya kama wa kowa wuri ban da kansa. Bai damu ba. Ya zuba dakarunsa a bokiti, ya rungumi tukunya, ya ɗingisa da takalmi ƙafa ɗaya zuwa can ƙurya cikin masu tsayuwa a jikin bango, yana shawara da zuciyarsa ko ta kai zai fara cin kifin ko ta jela.

Dakta Sambo ya shigo. Ya dubi bencin gaba, ya ga samari sun sha barci sun ƙoshi, kowa yana latsa waya. Ya dubi baya, ya ga bayin Allah a tsaye suna zufa. Ba a san abin da ya shiga ransa ba a wannan safiya, amma sai ya yi gyaran murya.

"Kullum na gaba ke ji, na baya na kallo," ya ce. "Yau a juya. Bencin gaba, ku koma jikin bango. Kai mai bokiti, fara zuwa."

Saƙon ya bi baki-baki har ya isa bango. Haka sadauki ya ratsa tsakiyar jama'a, ƙafa ɗaya tana ƙwas ɗaya tana shiru, zuwa mafi darajar mazauni a ɗakin, wanda Munzali ya ɗumama masa. Da suka yi kiciɓis a hanya, Munzali ya sunkuyo kunnensa.

"Kifinka ya koma kogi."

Balaraba da ƙawayenta kuwa suna benci na biyu, ba wanda ya taɓa su.

Dakta ya dubi abin da ke cinyar Ukashatu. "Samari, me aka dafa mana?"

"Ba a dafa ba, ranka ya daɗe. Wuri ta zo kamawa."

Ɗaki ya yi tsit, don ba wanda ke dariya kafin Dakta. A cikin wannan shiru ne cikin Ukashatu ya yi wani dogon ruri mai hawa da sauka, wanda maruwaita suka tabbatar shi ne sauti na farko da ya taso daga gaban ɗakin ya isa har bangon baya tun rasuwar lasifika.

Ranar dai bai rasa kalma ko ɗaya ba daga darasin, wanda aka yi a kan hatsarin sayar da kaya kafin a karɓi kuɗi. Da aka tashi ya koma ɗaki, ya juye buhun gari, ya kaɗa, ya sake kaɗawa, ya zuba ruwa a kan abin da ya faɗo, ya sha ruwan da ya ɗan yi fari.

Nan alƙalami ya tsaya, Allah shi ne mafi sani. Wanda ya tsinci takalmin hagu, mai shi yana nan a Ɗaki Mai Yoyo.