Haƙoran Inna a Duniya ta Huɗu

"Ni fa ba na zato," in ji Malam Saboda-Haka. "Ku ba ni allo da alƙalami, allurar da ta faɗa teku sai na gaya muku wanda ya jefa ta."

Malamin ilimin hujja ne a jami'a, kuma ba ya rufe zance sai da "saboda haka", shi ya sa sunan ya bi shi har gida. Ka san halinmu mu masu digiri, abin da ido zai gani a minti guda sai mun yi masa taro.

Abin da ya ɓace ran nan ya fi allura. Surukarsa ce, Inna, ta zo musu kwana, za a ɗauke ta hoton fasfo ƙarfe goma na safe. Ta kwana da haƙoranta na roba cikin kofin ruwa a kan firij, gari ya waye babu kofi babu haƙora. Ta zauna a falo ta rufe baki da mayafi, ta rantse ba mai ɗaukarta hoto a haka. Gogan naka kuwa murna kamar ta kashe shi. Shekara takwas Inna na cewa karatunsa ko famfo bai iya gyarawa, yau za ta gani.

Ya jawo farin allonsa, ya zana da'ira uku da shuɗin alƙalami.

"Waɗannan duniyoyi ne masu yiwuwa. A ta farko uwargida ce ta ɗauka, a ta biyu ƙanwarta, a ta uku ɓera. Duk wadda hujja ta rushe sai mu goge, wadda ta rage ita ce gaskiya."

"Malam, da mun duba ƙarƙashin kujeru," in ji matarsa.

"Duba aikin marasa tsari ne. Ke kika ɗauka?"

"Na san ban taɓa ba."

"Kin sani, ko kina jin kin sani?"

"Tun asuba ina wanki a tsakar gida, kai ma ka wuce ni."

Shaida ya samu, kuma shi ne shaidan. Ya miƙa hannu bayan allo, ya jiƙa tsumma, ya goge duniyar farko.

Ƙanwar matar, wadda nas ce, ko kayan aiki ba ta cire ba. "Yaya, yanzu na shigo daga asibiti, kai ka buɗe mini ƙofa." Ya sake jiƙa tsumma, duniya ta biyu ta tafi.

"Saura ɓera!" Ya buga allo.

"Ɓera ya ɗauki kofi cike da ruwa, ko ɗigo bai zubar ba?" in ji nas. "To a ba shi aiki a otal mana."

Malam ya goge ta ukun a hankali, allo ya zama fari fat. Tara da rabi ta yi. Mai hankali da nan zai tsaya, amma ina!

"Tunda duk duniyoyi sun rushe," ya gyara tabarau, "saboda haka, tun farko Inna ba ta zo da haƙora ba."

Wayyo! Inna ta yi salati ta cikin mayafi, kalmomin na fita da iska.

"Malam," in ji matarsa, muryarta a sanyaye, "ban gan ka a allon nan ba."

"Mai bincike ba ya shiga allo."

"To ruwan da kake ta jiƙa tsumma fa, daga ina?"

"Wannan? Wani kofi ne na tsinta da safe a kan..."

Nas ta zagaya bayan allo, ta ɗago kofin, ta tsiyaye ruwan da ya koma tawada. Ga su nan a ƙasa suna yi masa murmushi, shuɗi shar, sama da ƙasa. Aka sa sabulu, aka sa buroshi, shuɗin ya ce zama daram. Malam ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige, shi da digirinsa uku.

Inna ta karɓa, ta juya su a tafin hannu, ta dubi 'yarta.

"Ni ban yi boko ba, ga haƙorana sun yi a hannun mijinki. Gara su ma, tun safe sun san inda suke."