Ranar da Na Kasa Gane Rubutuna

"A'a, yau ga manyan marubuta a shagon talakawa! Tavale, an tashi lafiya? Ko har yanzu zuciya na dukan ƙirji kamar ganga?"

"Lafiya lau, tsohon banza. Ya gida? Ya baiwar Allahn da ke haƙuri da kai?"

Bakina ne kawai ya amsa, hankalina na kan maganarsa ta ƙarshe. Wannan zancen zuciya da ganga ba gaisuwa ba ce. Layi ne daga shafi na tara na littafina.

Ilaitia ɗan kawuna ne, taubashina, shi ya sa muke kiran juna tavale. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da ɗaya ya sha zagi ba. Shagonsa na buga takardu yana bayan tashar motar garin Lautoka. Ni kuma unguwarzoma ce a garin Ba. Shekara huɗu ina rubuta wani labari tsakanin haihuwa da haihuwa, ban nuna wa kowa ba. Ran Talata na tura masa ta waya, ya buga mini kwafi uku ya ɗinke, saboda gasar da za a rufe a Suva, babban birninmu, washegarin ranar nan da na je karɓa. Motar ƙarfe biyu ce ta ƙarshe da za ta kai saƙon a kan lokaci, ga shi ɗaya ta gota.

"Cewa na yi ka buga, ban ce ka karanta ba."

"Ni? Injin ne ya karanta. Yana kaiwa shafi na talatin ya tsaya yana tari. Na buɗe shi, ashe amai ne ya taso masa."

"Injin da ya girmi babanka? Warin jikinka ne ya shaƙe shi."

"Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ulamila, zauna. Na ga kin yi fari fat kamar ɓararren rogo. Me ya faru?"

Ban yi niyyar gaya masa ba, amma abin ya fi ƙarfin cikina. Akwai wani littafin soyayya da ya cika gari, ko'ina ka waiga shi ne a hannun mutane. A gidanmu Jan Bango muke ce masa, saboda launin bangonsa. A taron Kirsimeti ni ce na miƙe tsaye ina karanta shi da muryar iyayi, dangi na faɗuwa a tabarma don dariya. To, a motar da na shigo da safen nan, matar da ke gefena shi take karantawa. Na leƙa don in sami abin yi wa dariya. Sai na ga jimla, na ji kamar ni na rubuta ta. Na sake leƙawa, na ga wata. Har muka iso Lautoka ban daina leƙe ba.

Ina gama faɗa, Ilaitia ya sa hannu a aljihun tebur ya fito da Jan Bango.

"Na matata ne. Zo mu yi gwaji. Juya bayanki. Zan karanta, ki ce naki ne ko na marubuciyarsa."

"Ba na wasan yara."

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

Na juya. Na ji ƙarar takarda, ya gyara murya.

"'Ya dube ta da idanu masu zurfin teku, sai ta ji gwiwoyinta sun zama ruwa.'"

"Nata ne. Ni ba na rubuta irin wannan shirmen."

"Shafi na sha huɗu. Naki."

Na dafa bango.

"Ga wani. 'Ta cije leɓenta, tana tambayar kanta me ya sa ƙamshinsa ke hana ta tunani.'"

Na san na rubuta wani abu mai kama da haka. Na tuna har kujerar da na zauna a kai.

"Nawa ne," na ce, murya ƙasa ƙasa.

"Nata! Jama'a ku zo ku gani, unguwarzoma ta musanya jarirai!"

"Allah ya sa injinka ya cinye maka gemu."

"Saura ɗaya. 'Bai ce komai ba, sai muƙamuƙinsa ya motsa.'"

"Ban sani ba."

"Kin ci wannan. Yana cikin duka biyun."

Yana dariya har da buga tebur. Na zauna a kan kwalin takardu. Ina hango alƙalan gasar a Suva, ɗaya ya miƙe tsaye yana karanta littafina da muryar iyayi, sauran na share hawayen dariya. Ina hango ma'aikatan ɗakin haihuwa suna cije leɓe duk sanda na wuce. Shekara huɗu na ɗauka ina haƙa rijiya, ashe kwata nake yashewa.

"Ba ni kwafin nan."

"Ki kai tasha?"

"In kai wa mai gasa masara ta ƙara wuta."

Ya ɗauki kwafin uku ya ɗora a kujera, ya zauna a kai daram.

"Sai dai ki haɗa da ni ki gasa."

"Kitsenka zai kashe wutar. Tashi!"

"Haba, matar. Kama da wane ai ba ta wane."

"Kar ka yi mini karin magana. Ilaitia, don girman Allah, yau ɗaya ka bar wasa. Shirme na rubuta?"

Ban taɓa kiran sunansa haka ba. Ya dube ni, ya sosa ƙeya.

"In bar wasa gaba ɗaya, ko rabi?"

"Rabi."

"To. Jarumarki ta cije leɓe sau arba'in da ɗaya, na ƙirga. Ki kawo ta asibitinku a ɗinke mata. Saurayin kuma, in bai daina motsa muƙamuƙi ba, ba zai kai aure da haƙora ba. Babi goma na farko, ko uwar Jan Bango ta gani sai ta ce nata ne ya ɓata."

"Na shiga uku."

"Tsaya mana. Sai babi na sha ɗaya, inda ruwa ya ci gari. Matar nan da naƙuda ta kama a rufin makaranta. Aka tafasa addar yankan rake a butar shayi aka yanke cibi. Jaririn ya fito bai yi kuka ba, tsohuwa ta sa bakinta a nasa tana hurawa, tana zagin ruwan sama. Nan babu wanda ya cije leɓe. Wani mutum ya zo buga takardar neman aiki, ya tsaya a kaina har ya gaji ya tafi, ban san ya zo ba. Maƙwabcina ne ya gaya mini."

"Kuka ka yi?"

"Ni? Garin tawada ne ya faɗa mini a ido."

"Ido biyu?"

"Iska ce ta juya." Ya ja hanci. "Uwar Jan Bango ko ta sayar da littafi cikin jirgin ruwa, ba ta taɓa riƙe jaririn da bai yi kuka ba. Ke kin riƙe. Daga nan har ƙarshe littafin naki ne."

"In alƙalan suka mutu a babi na uku fa?"

"Sai a binne su, a kawo wasu. Ba na ce za ki ci ba. Amma toka ba ta cin gasa."

Na dubi agogon bango. Biyu saura kwata. Tsoron bai sake ni ba, sai ma ya koma haushi.

"Baki gare ka. Wanda ko wasiƙa bai taɓa rubutawa ba, ina ya san yadda ake tuɓe wa duniya riga? Kai naka kawai ka danna inji ka yi dariya."

Ga mamakina bai rama ba. Ya leƙa waje hagu da dama, ya durƙusa ƙarƙashin tebur, ya jawo wani ƙunshi a cikin ledar shinkafa. Takardu ne, sun fi nawa kauri.

"Shekara shida," ya ce. "Ko matata ba ta sani ba. Tsohon soja ne yake farautar masu fasa-ƙwauri a teku. Duk sanda na ga littattafan harbe-harben da ake tarawa a bakin tasha, sai gudawa ta kama ni."

Na zare shafin farko na karanta da ƙarfi.

"'Harsashi ya wuce ta gefen kunnensa, amma Kyaftin bai ƙifta ido ba, domin shi mutum ne da tsoro ke tsoronsa.'"

"A hankali mana! Mutane na ji!"

"Tsoro ke tsoronsa! Wayyo cikina! Tavale, wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

"Ba ni abina."

"Ashe wanzami ba ya son jarfa! Dubi yadda gumi ke zubo maka!"

"Shafin farko ne kawai. Gaba yana gyaruwa." Ya miƙo hannu zai karɓe. "Ina jin yana gyaruwa."

Ya tashi daga kan kwafin nawa, ya zuba su a ambulan, ya rubuta adireshi. Tare muka ruga tasha, shi a gaba yana ture masu kaya. Direba ya riga ya tayar da mota. Da na miƙa ambulan ɗin yatsuna suka ƙi saki, sai da Ilaitia ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Muka tsaya muna kallon motar har ta sha kwana.

Da muka koma shago ya tura mini ledar shinkafar, ya ɗora jan biro a kai.

"Ungo. Ran Lahadi bayan coci ki zo ki kashe ni. Amma ki bar mini Kyaftin da rai, ko shafi goma ne."

Na ɗaga ƙunshin na jinjina nauyinsa, na dubi biron.

"Guda ɗaya? Wannan ko babin farko ba zai gama ba."

Ya ɗora hannu biyu a ka, ya fashe da dariya har da tari. Sannan ya miƙa hannu saman kanta, ya sauko da kwalin biron gaba ɗaya, ya dire mini a gaba.

"Kin ci, muguwa. Kwashe duka."