Rasuwar Ɗan Aike, Akwatin Saƙo na Motar Dogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da jiki duk a mace, Dogo, direban babbar motar kaya, yake sanar da 'yan uwa direbobi da masu lodi rasuwar Ɗan Aike, akwatin saƙon nan mai ruwan toka da ke maƙale ƙarƙashin sitiyarinsa. Marigayin ya cika ne a bakin aiki, ana tsaka da hawan tudu, bayan doguwar jinya.

Ga wanda bai san shi ba, a hanyar da motocin kamfani suke bi akwai dajin da waya ba ta samun sabis ko ɗigo. A nan marigayin ya yi suna. In motar gaba ta tarar gada ta zube, akwatinta zai faɗa wa na motar da ke biye, shi ma ya miƙa baya, har labari ya iso wa Dogo kafin ya je ya afka. In motar da marigayin yake miƙa wa saƙo ta ratse ta bi wata hanya, ba ya tsayawa jimami, nan take yake laluben wata. In kuwa titi ya yi wayam, sai ya rungume saƙon ya yi ta tafiya da shi har Allah ya kawo mai karɓa. Bai taɓa zubar da amanar kowa a hanya ba, shaidar da Dogo ba zai iya yi wa mutane da yawa ba.

Ba shi da surutu. Ƙit-ƙit in ya gamu da ɗan uwansa, ƙiiit mai tsawo in akwai haɗari a gaba. Iyakar maganarsa ke nan.

Ciwon ya fara ne da zazzaɓi, jikinsa ya riƙa ɗaukar zafi. Daga baya ruɗewa ta shigo, ya koma yin gargaɗi a kan ramukan da aka cike tun bara. Dogo ya kai shi wurin makanikin gareji, bawan Allahn da duk abin da ya yi zafi a duniya lagireto ne a wurinsa. Makanikin ya taɓa, ya girgiza kai, ya jiƙa tsumma sharkaf ya lulluɓe majinyacin. Zafi kam ya sauka, amma hankali bai dawo ba. Da ya cika, manajan kamfani ya aiko da ta'aziyya, ya ce za a duba batun sabon akwati. Dogo a cikin "za a duba" ya yi furfura, ya gaji.

Marigayin ya bar eriya guda a saman mota tana kallon sama, da wayoyi biyu suna reto, da dangi barjat a sauran motoci. Ya kuma bar abokin tagwaicinsa a motar Yaya, wan Dogo uwa ɗaya uba ɗaya.

Nan ne rashin ya fi ciwo, kuma Dogo ba ya ɓoyewa. Shi da Yaya sun yi shekaru ba sa ga maciji, tun wata magana da kowannensu yake jiran ɗayan ya fara janyewa. Ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa, sai su gifta juna kowa ya kafe ido a titi. Amma akwatunan ba ruwansu da gaba, ƙit-ƙit, sai sun gaisa. Da wannan ɗan sautin Dogo yake sanin wansa na raye, yana tuƙi, lafiya lau. Bayan rasuwar sun yi kiciɓis a hanya, mota ta wuce mota tsit. Sai da Dogo ya gangara gefe ya kashe inji, ya daɗe zaune riƙe da sitiyari.

Za a yi jana'iza ranar da motoci ba sa fita, a bayan gareji, kusa da tulin tsofaffin tayoyi. An yafe wa makaniki zuwa da ruwa. Tunda mai kai saƙon ne ya kwanta dama, ana roƙon duk direban da ya ji wannan sanarwa ya faɗa wa na gabansa da baki, shi ma ya miƙa, har ta isa kunnen Yaya. An ajiye masa wuri a benci. Dogo ya ce ba sai ya yi magana ba, ba ma sai ya sauko ba. In ya iso ƙofar gareji ya danna hon sau biyu, ya wadatar.