Ƙwan da Aka Naɗa wa Rawani

Jama'a, an cuce ni. Tun da aka haƙa rijiyar farko a Gaya ba a taɓa yi wa bawan Allah irin zaluncin da aka yi mini ba. Ku dube ni da kyau. Ni da nake shigowa majalisar nan hula a karkace, shadda tana ƙara, turare yana riga ni yin sallama, yau ga ni duk na zube. Jiya da ƙyar na tashi da malmala uku, ta huɗun sai da aka ƙaro mini miya. Ba zazzaɓi ba ne, na san ciwona. Zabina aka ƙwace, har huɗu, a gaban dattawa, kuma aka bi ni da dariya.

Ku matso ku ji.

Wani ne, maƙwabcina, danga ce kawai tsakaninmu. Ba zan faɗi sunansa ba, ni ba na tona asirin mutane. Mai sanƙon nan dai, mijin Hanne.

Hanne tana da wata jar kaza mai baƙin rai, ta yi kwanci a ƙarƙashin rumbu, jikin dangarmu. Ni kuma damina ta sauka, zabuwata ta zuba ƙwai. Kun san halin zabuwa, ta iya yi, ba ta iya reno ba, kowa kaza yake sa wa. Ni ba ni da kaza mai kwanci. Ga ta maƙwabci a zaune, ba ta tsinana komai sai zama. Na ce wannan ai asarar ɗumi ce. Na zura hannu ta danga na tura mata huɗu, ba wanda ya gani. Taimaka mata na yi, kada ta yi zaman banza. Ga godiyar da ta yi mini nan a bayan hannuna, har yau tabon bai baje ba.

Matsala ɗaya ce, ƙwan zabi ya fi na kaza daɗewa da kamar mako guda. Ba mantawa na yi ba. Na ɗauka kazar tana da kara, za ta jira.

Ana nan sai ƙanwar Hanne ta haihu a Toranke. Hanne ta yafa mayafi za ta tafi can, ta tsaya a bakin zaure ta ce wa mijin:

"Malam, ga kazata nan, yau ko gobe za ta ƙyanƙyashe. Duk abin da ke ƙarƙashinta amana ne. In na tarar ko ɗaya ya yi ciwon kai, ni da kai ne."

"Haba Hanne, kaza ce fa, ba jirgin sama ba."

"Haka ka ce ranar da na bar maka akuya."

Ya sosa ƙeya. Akuyar nan har yau ana cigiya.

Washegari kaza ta ƙyanƙyashe, ta kwashi 'yan tsakinta ta yi gaba, ta bar ƙwai biyar a gurbi: nawa huɗu, da nata ɗaya da ya lalace. Sai na ji mutumin yana ƙwala mini kira ta danga.

"Malam Mumini! Ta tashi ta bar biyar. Baragurbi ne, bari in je in wurga su bayan gari kafin su yi wari."

Ban san lokacin da na tsallake danga ba, da babbar riga da komai.

"Ka wurga me? Me Hanne ta ce maka?"

"Ta ce duk abin da ke ƙarƙashinta."

"To waɗannan a samanta suke?"

Ya ɗauki ɗaya yana juyawa.

"Amma me ya sa huɗun nan ƙanana ne, ga tsini, ga ɗigo-ɗigo?"

"Na ƙarshe ne. Kaza in ta gaji, haka take yin su, ba ta tsayawa gogewa. Da ransu, kwana kaɗan ya rage musu."

Muka kamo kazar muka ɗora ta a kai. Ta miƙe. Ya danna ta, ta miƙe. Ya kifa mata kwando ya ɗora dutse. Muka leƙa, tana tsaye ƙiƙam a kan ƙwan kamar mai jiran mota, 'yan tsaki kuwa suna ta kuka a waje. Mutumin ya durƙusa ya kai fuska jikin kwandon.

"Haba baiwar Allah, ki dubi zaman tare. 'Ya'yanki ne fa. Zauna, ni zan riƙe miki manyan."

Ta zuro baki ta sare shi a hanci.

Na ce, "Sake ta, ba ta da imani. Ai ɗumi kawai suke so. A jikin mutum ina ya fi zafi?"

"Hammata?"

"Za ka matse su. A ka za a sa su! Ba ka ga ko zazzaɓi a goshi ake taɓawa ba? Balle kai da Allah ya share maka fili, ba gashin da zai tare zafi."

Ya shafa sanƙonsa, ya yi murmushi. Tun da yake ba a taɓa yabon kan nan ba.

Na samo auduga da hula mai zurfi, muka jera ƙwai biyar, muka kifa masa a ka. Hula ta yi rawa. Na koma gida na buɗe akwati na ɗauko rawanin kakana, na naɗa masa tsaf. Har kunne biyu na fitar masa, don ni in zan yi abu ba na yin rabi.

Na ce, "Ka ji doka. Ba sunkuyawa, ba ɗaga kai, ba girgizawa. Atishawa ma ka riƙe ta."

To fa, ga rainon 'yan tsaki, ga wuya a sanƙare. In zai ba su tsakin dawa, a tsaye yake watsawa, rabi ya zuba a kan kazar, ta bi shi da sara. In zai sa musu ruwa a murfin kwano, sai ya sauka a hankali, baya a miƙe, kamar mai ɗauke da tulu, yana lalube da hannu. Lokacin salla kawai yake saukewa, in rungume hular a cikin rigata ina ce masa ya taƙaita addu'a. Barci kuwa a zaune, jingine da bango.

Shirwa ce babbar damuwarsa, don ba ya iya duban sama. Sai na sadaukar da kaina, na zauna a inuwar darbejiyarsa ina sha masa furarsa ina duba masa. Rannan na ga ya yi lamo, na ce bari in gwada shi.

"Shirwa!"

Wayyo, jama'a! Mutumin ya zabura, wuya a tsaye, hannuwa a buɗe, ƙafafu na gudu kai bai sani ba. Ya ware riga ya tsuguna yana ƙut-ƙut-ƙut, 'yan tsaki suka ruga suka shige ƙarƙashinsa kaf. Uwar ta tsaya tana kallonsa da ido ɗaya. Na yi dariya har na ƙware, sannan na tuna ƙwan wa ke kansa. Ban sake ba.

A gari kuma wani abin ya ɓullo. Mutum ya fito da rawani mai kunne biyu, yana taku ɗai-ɗai, ba ya waiwaye. In an gaishe shi ba ya iya gyaɗa kai, sai dai ya ɗaga hannu. Kafin la'asar an fara "Ranka ya daɗe." Mai shayi ya ja ni gefe.

"Malam Mumini, wace sarauta aka ba shi?"

"Ba a sanar ba tukuna. Ka dai riƙa sa masa madara da yawa, ni zan kai masa."

Har wasu mutum biyu suka tare shi da rikicin iyakar gona. Wannan ya faɗi nasa, wancan ya faɗi nasa. Shi kuwa yana tsaye kamar turke, ido a kafe, don atishawa ce ta taso masa yana kokawa da ita. Da suka ga kallon ya yi yawa, sai jikinsu ya yi sanyi, suka ba juna hannu. Suka tafi suna cewa ba su taɓa ganin mai kwarjini irinsa ba.

Ranar suna ta zo. Dole ya je Toranke, gidan surukai ne.

Ya ce, "Ko in bar su a gida?"

"Su huce? Bayan duk wahalar da na sha?"

Muka kifa wa kaza da 'ya'yanta kwando, muka sa musu ruwa da tsaki, muka tare ɗan acaɓa. Shi a tsakiya, ni a baya na tallafe rawanin da hannu biyu. Hanyar Toranke da damina kun san ta.

"A hankali, ɗana. A hankali!"

"Baba, in na rage fiye da haka faɗuwa za mu yi."

"To rage kaɗan."

Keke ya wuce mu. Amalanke ta wuce mu. Wata tsohuwa da ƙwaryar nono ta wuce mu, ta waiwayo ta ce Allah ya ba shi lafiya.

Muka isa an riga an raɗa suna, dattawa na zaune a tabarmi ana rabon goro. Maroƙi yana hango mu ya yar da wanda yake yi wa kirari, ya sheƙo.

"Gyara, gyara! Ga mai rawani ya sauka! Taka sannu, na Hanne, ƙasa taka ce! Wuyanka ba ya lanƙwasa, ko a gaban wa!"

Wannan na ƙarshen kam gaskiya ya faɗa.

A tsakiyar tabarma ga Baffa, ƙanin mahaifin Hanne, tsoho mai faɗan tsiya. Mutumin ya tuɓe takalmi, ya sauka a miƙe har ƙasa, idonsa a kan reshen bishiyar da ke bayan Baffa.

"Barka da arziki, Baffa."

Baffa ya ƙura masa ido.

"Kai, ba mijin Hanne ba ne? Yaushe aka naɗa ka ba mu ji ba?"

"Ba a daɗe ba, Baffa."

"Shi ne kake gaishe ni kana kallon tsuntsaye? Sunkuyar da kai mana!"

"Ba zai yiwu ba, Baffa. Akwai jama'a a sama."

Kafin Baffa ya buɗe baki, sai aka ji tsiyak-tsiyak daga cikin rawani.

"Kashe wayar nan, ina magana."

"Ba waya ba ce, Baffa."

Tsiyak-tsiyak-tsiyak. Kunnen rawani ɗaya ya motsa da kansa. Wani dattijo ya ja da baya yana a'uzubillahi. Ni kuwa zuciyata fari ƙal, na ce zabina sun iso.

Sai baragurbin nan na kaza, wanda ya sha zafin sanƙo da girgizar babur, ya ce shi ma ga shi. Fam!

Maroƙi ya daka tsalle. "Bindigar sarki! An buga wa mai rawani bin..."

Iska ta kai masa. Ya haɗiye sauran, ya toshe hanci ya faɗa cikin gonar gero. Tabarma ta watse, faifan goro ya kife, liman ya tafi da takalmin wani. Baffa ya so ya gudu, gwiwa ta ƙi, sai ya rufe fuska da hannun riga yana salati. Shi kuwa gwanin yana nan a tsugune, wani koren ruwa na gangaro masa ta gefen kunne, wuya bai motsa ba. Ta gefen baki ya ce:

"Malam Mumini, saura nawa?"

Na ɗaure hanci da hankici na warware rawanin kakana, wanda daga ranar ya tashi daga aiki. Na ɗaga hula a hankali. Ga su nan, huɗu, a jiƙe, da zane-zane a ka, suna tangaɗi a kan sanƙo suna zamewa. Kyawawa, kamar ni na zana su.

Hayaniya ta fito da Hanne bakin zaure, ta toshe hanci da mayafi.

"Malam! Me zan gani haka?"

"Amanarki ce, Hanne. Manyan suna gida lafiya, ga ƙananan. Ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ni ne dai na yi."

Ta matso ta duba.

"Waɗannan ai 'yan zabi ne. Ni ban sa wa kazata ƙwan zabi ba."

Baffa, da dariya ta riga ta kayar da shi a tabarma, ya share hawaye ya ce, "Rabo ne, 'yata. Kazarki ta fara, mijinki ya ƙarasa. Kwashi abinki."

Ta kawo ƙwarya da tsumma, ta tsince su ɗaya bayan ɗaya daga kan mijinta. Ina ji ina gani. Na yi gyaran murya.

"Baffa, a al'ada ai wanda ya ba da shawara yana da rabi."

"Al'adar wane gari?"

"To ladan rawani fa?"

"Ga rawaninka can, ƙudaje na jiranka."

Hanne ta juya za ta shige da ƙwarya. Nan ne fa idona ya rufe.

"Tsaya! Ƙwan nan nawa ne! Ni na zura su ta danga ƙarƙashin kazarki. Ni na hana a zubar, ni na ce a sa a ka, ni na naɗa rawanin. Duk ni ne! A ba ni kayana!"

Mutumin ya juyo da wuyansa a hankali, har sai da ya yi ƙas, ya dube ni da tausayi.

"Allah sarki, Malam Mumini, ashe naka ne! Ai da ka faɗa tun farko."

Ya jawo hular, ya tattara ɓawon da ke ciki, ya tsinto wanda ya maƙale masa a ƙeya ya haɗa, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ga ƙwanka nan, huɗu cif, ko ɗaya bai ɓata ba. Sai dai ka yi haƙuri, sun ɗan fashe."