Nomau da Saiwar Darbejiya

A Unguwar Geza an yi wani mutum wai shi Nomau, ƙato ne ƙaƙƙarfa, ga ladabi. Aibinsa ɗaya: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da sama da ƙasa za su haɗe. Gidansa daga shi sai matarsa Tabawa da 'yan 'ya'yansu biyu, abin da ke riƙe da su kuma wani lambu ne da baffansa Arzika ya ba su aro a gefen fadama. Itatuwa sun shaƙe lambun, ruwa kuwa sai sun ɗauko a ka daga rafi mai nisa, har wuyan Tabawa ya soma ciwo. Shekara biyu albasa ba ta yi ba. Baffa ya ce in ranin bana ma haka aka tashi, zai karɓe ya ba wani.

Wata rana Tabawa ta ce inuwa ce ke kashe musu dashe, ya je ya kawar da duk abin da ke yi wa fangalin albasa inuwa. Nomau ya sare sabara da geza. Ya duba, ya ga shingen ƙaya ma yana da tasa inuwar da hantsi, ya yaye shi kaf. Sai kuma ya lura shi kansa inuwa gare shi, ya kwanta rub da ciki, ya fita da jan jiki. Kafin ya isa gida awakin unguwa sun yi walima. Garin neman gira an rasa ido, kwana uku suna mayar da shinge.

Wata rana Baffa ya leƙo, ya ce a rage itatuwan nan, amma duk mai 'ya'ya a bar shi. Nomau ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga kai. Gwaiba ranar ba ta da ɗa ko guda, ya kai ta ƙasa. Lemo ma haka. Da Tabawa ta zo, sai ta tarar da tumfafiya tsaye ita kaɗai da ƙwallayenta, an yi mata shara, har ruwa an ba ta.

"Maigida, ina gwaibata?"

"Ba ta da 'ya'ya. Sau biyu na duba."

Ta zauna a kan kututturen ta yi kuka, shi kuma hankalinsa ya tashi ƙwarai, don a duniya ba abin da ya ƙi jini kamar hawayenta.

Wata rana aka zo kan babbar darbejiyar da ke tsakiyar lambu. Tabawa ta gargaɗe shi kada ta faɗi a kan fangali. Bai bari ta taɓa fangali ba kuwa, sai ya auna ta daidai kan tulunan ban ruwa guda huɗu da ke jere a gefe.

Bayan mako biyu kututturen darbejiyar ya sake toho, kore shar, albasa kuwa tana yaushi. Wata rana da safe Tabawa, wadda gajiya ta kai mata ko'ina, ta miƙa masa dagi ta ce, "Ka tone shi. Kada ka bar ko silin saiwa ɗaya a ƙasa."

Nomau ya fitar da kututture a kwana biyu, amma uwar saiwar ta miƙe ƙasa sak, shi kuma ya bi ta. Kwana biyar, kansa ya ɓace. Kwana tara, sai dai a ga ƙasa tana tashi daga rami. Masu wucewa suna tambaya ko ya gaji da duniya ne yake gyara makwanci, ya amsa daga ƙasa cewa a'a, saiwa yake bi.

A rana ta goma sha ɗaya Baffa ya iso tare da mutumin da zai ba lambun. Tabawa ta durƙusa ta gaishe su. Baffa ya leƙa ramin ya ce ya fito haka nan, magana ta ƙare.

"Baffa, a yi mini haƙuri," in ji Nomau. "Da tuni na gama. Ruwa ne ya hana ni aiki tun jiya. In na kwashe sai ya dawo."

Tabawa ta rarrafa ta leƙa, ta ga mijinta tsaye cikin ruwa har gwiwa, riƙe da saiwa, yana jin kunya. Dariya da kuka suka zo mata tare. Baffa ya daɗe yana duban ramin, sannan ya juya ya ba baƙonsa haƙuri, ya ce lambu ya zauna hannun Nomau, rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Ranin nan albasar Tabawa sai da aka ɗauke ta da amalanke. Ramin ya zama rijiya, maƙwabta suna zuwa da gugansu, kowa yana sa wa Nomau albarka. Shi dai in aka yabi rijiyar sai ya sunkuyar da kai, don a wurinsa aiki ne matarsa ta sa shi bai ƙarasa ba.