Gadin da Ba a Sa Ni Ba

Da na kama ɗakina ni kaɗai a unguwar Al-Suwaidi ta Saudiyya, na rantse ba mai ƙara raka ni cire albashi. Ai na fara karatu! Na yi ta danna lambar sirri ba daidai ba, har na'urar ta haɗiye katina. Na tabbata duk wanda ya biyo baya, kuɗina za ta ba shi. Sai na tare bakinta, ina korar Larabawa. Da ɗan sanda ya zo ya ce, "Iƙama!", wato takardar izinin zama, har na hango jirgin da zai mai da ni Kano. Abokina Sale direba ya zo ya ba da haƙuri. Har yau in mun haɗu sai ya ce, "Malam Maigadi, wa ka bar wa aikin?"