Furen da Ya Sha Alwalar Alhaji Ja'afaru

Ranar Talatar da kan Alhaji Ja'afaru ya maƙale a tsakanin ƙarafunan barandarsa, babu wanda ya yi dariya a benenmu na unguwar Xiaobei, a birnin Guangzhou na China. Ina mu ina yi wa babban mutum dariya? Tari ne kawai ya kama mu, mu wajen ashirin, lokaci guda, har wasu na riƙe ciki.

Kuma ba laifinsa ba ne. Laifin maƙerin China ne da ya auna tazarar ƙarafunan da kan mutanen garinsu, bai san wata rana za a kawo kai irin na Alhaji ba, kai mai ɗauke da ilimin ƙasa bakwai. Shiga dai ya shiga lafiya. Wajen fita ne kunnuwa suka ce ba da su aka yi shawara ba. Minti arba'in yana leƙe daga hawa na tara, gangar jiki a gida, kai a titi, hula kuwa tuni ta sauka ƙasa wani mai keke ya bi ta kanta. Matarsa Hajiya Ramlatu ta ƙarar da rabin kwalbar man gyaɗa a kunnuwan nan. Da 'yan kwana-kwana suka iso da abin buɗa ƙarfe, Alhaji bai rasa natsuwarsa ba. Daga can sama ya yi wa taron jawabi:

"Kada kowa ya tayar da hankalinsa. Bincike nake yi."

Gaskiya ya faɗa. Furensa yake son gani.

Ni a hawa na takwas nake, ƙarƙashinsa daidai, saboda haka duk abin da ya zubo daga rayuwar Alhaji a kaina yake sauka. Riguna da wanduna yake saye a kasuwar Canaan yana turawa Kano, kamar kowa. Amma shi ba kamar kowa ba ne, domin ya taɓa zama a Turai. Awa goma sha ɗaya ya yi a Istanbul yana jiran jirgi, aka zagaya da su gari a bas. Tun daga ranar duk maganarsa da "mu da muka zauna a can" take farawa. A cikin bas ɗin nan ne ya ga gidaje da fure ya zubo daga baranda kamar an shanya atamfa, ya tambayi sunansa, aka ce jiraniyam. Shekara shida yana ajiye da sunan, yana jiran ranar amfaninsa.

Ranar ta zo da shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa ya ce zai koma gida. Kujerar ba ta wasa ba ce. Shugaba shi ke tarbar manyan baƙi a filin jirgin saman Baiyun, shi ke raba rigima, shi ake zaunarwa a gaba ranar Sallah. Mutum biyu suka fito: Alhaji, da Malam Sha'aban mai kargo, wani shiru-shiru da ba shi da wata daraja sai kai marasa lafiya asibiti da shuka barkono da yakuwa a bokitin fenti yana raba wa matan mutane.

"Ba da yakuwa ake gane shugaba ba," in ji Alhaji. "Shugaba wayewa ce. A gidana za a yi zaɓen, washegarin Babbar Sallah. Ku zo ku ga yadda mutanen duniya ke zama."

Har katin suna ya buga, da "Shugaba" a ƙasan sunansa da ruwan zinare. Mu kuma muka naɗa shi Sarkin Baranda tun kafin zaɓe, don kada ya jira da yawa.

A watan Maris muka shiga jirgin ƙasa zuwa kasuwar furanni ta Fangcun. Ya ce in raka shi in ƙaru. Muka sami wata tsohuwa mai takalmin ruwa, rumfarta cike da jiraniyam mai zubowa, iri-iri. Akwai mai fure falle ɗaya, ƙanana, ja da ruwan hoda, reshensa dogo kamar igiyar guga. Akwai mai ratsin fari da ja. Akwai wanda adonsa a ganye yake, an yi wa bakin ganyen farin kwalli. Sai kuma mai ninki, furensa ya cika ya dunƙule kamar ɗaurin ɗankwalin uwar amarya.

Alhaji ya maida hannuwa baya yana zagaya su kamar mai duba sojoji. Ya shinshina wannan, ya ƙwanƙwasa tukunyar wancan.

"Laoban," in ji tsohuwar, wato maigida, ta yi magana a wayarta ta miƙo masa. Wayar ta fassara, ta ce wannan fure na sanyi ne a garin nan, zafi da damina kashe shi suke yi, gara a jira watan Oktoba. In kuma dole ne, a ɗauki mai falle ɗaya, shi ya fi juriya, a kare shi daga ruwan sama, kada a ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe.

Alhaji ya yi murmushin tausayi.

"Ka ji ta, Illa? Ni za a koya wa zafi? Mutumin Kano? Kakana lambu gare shi a bakin kogi, albasarsa har Ikko ake kai ta. Kuma falle ɗaya? Ni ta kalla ta ga na yi kama da mai falle ɗaya?"

Ya nuna mai ninki. Tsohuwar ta girgiza kai. Ya tambaya ko akwai wanda ya fi wannan ninki, ta ce meiyou, babu. Ya tambaya ko akwai mai ruwan zinare, ta ce meiyou. Ya juyo ya gaya mini kasuwar ba ta kai ta Turai ba. A ƙarshe muka ɗauko mai ninki guda goma sha biyu, ja wur, da mai ratsi guda biyu, wai su ne dogarai, ɗaya a kowane gefe. Ni na ɗauko, shi ya riƙe rasit.

Aka jera dogayen tukwane a bakin baranda, aka ɗaure su da waya. Kuma wallahi a watan Afrilu furen nan ya yi kyau. Sai dai akwai abin da ba a gani daga tagar bas. Fure mai zubowa waje yake zubowa. Reshen ya bi ta tsakanin ƙarafuna ya gangaro ƙasa, ya yi wa tagata labule ja, ina kwance ina kallo. Alhaji kuwa in ya zauna a kujerarsa, ƙasa yake gani da bayan tukunya. Abin da ya kai shi binciken ranar Talata ke nan. Bayan an ciro shi sai ya sake dabara: ya riƙa sauko mini ziyara sau biyu a rana, mutumin da shekara huɗu bai san launin ƙofata ba. Zai shigo, ya gaisa da tagar, ya fita.

Yanzu ga inda hikimar take. Alhaji ya lura cewa ruwan alwala yana tafiya a banza a banɗaki. Sai ya kwashe butarsa ya koma baranda. Asuba, Azahar, La'asar, Magariba, Lisha, kowace alwala a kan tukwanen nan take sauka, har da wankin ƙafa. Ranar da ya yi nafila su sami ƙari. Duk baƙon da ya zo, sai an miƙa masa buta an nuna masa tukunyar da ke da rabo.

"Tsiron da ya tashi da ruwan alwala," in ji shi, "ba irin na kowa ba ne. Wannan ilimi ko a Turai ba su kai gare shi ba tukuna."

Ya kuma sa wani mahauci ya tara masa kashin akuya, ya zuba musu kamar mai shirin noman masara. Ragowar shayi ma nasu ne. Abin da tukwane suka kasa sha, shanyata ta sha.

Sai watan Mayu ya shigo da ruwan nan na Guangzhou da ba ya gaisawa ya wuce. Sati uku sama na zuba, bango na gumi, riga ba ta bushewa. Furen mai ninki ya riƙa shan ruwa kamar soso, ya dunƙule, ya yi launin toka, ya fito da gashi. Ganye ya yi rawaya. Malam Sha'aban, da ba a tambaye shi ba, ya tare Alhaji a lifta.

"Alhaji, da ka ɗan janye su daga ruwa. Ka bar ƙasar ta sha iska, saiwar ruɓewa take yi."

"Na gode, Malam. In na tashi shuka yakuwa zan neme ka."

Da Alhaji ya fita daga lifta ya sanar da mu cewa abokin takara ya fara jin tsoro, yana son a kashe furen da ƙishirwa. Sai ya ƙara musu alwalar walaha.

Saura kwana uku Sallah, babu abin da ya rage sai baƙaƙen igiyoyi masu yauƙi suna lilo a tagata. Wari kuwa, ko mai sayar da kifin ƙasan bene ya ɗaga kai ya duba. Dogaran nan biyu su suka fara mutuwa. Hajiya Ramlatu ta daina buɗe ƙofar baranda. Ga kati an buga, ga babbar riga an ɗinko, ga mutum talatin an gayyata su zo su ga wayewa.

Ranar jajibere bayan Azahar aka ga Alhaji ya shigo da wani ƙaton buhu, yana tafiya a gefen bango. Kafin La'asar fure ya dawo. Kai, ya fi na da. Ja wur, ganye shar, babu ko ɗaya da ya lanƙwasa. Abin mamaki ma, wannan karon rabinsa cikin gida yake kallo.

"Hutawa suka yi," in ji Alhaji. "Haka suke yi a can. Sai wanda ya sani."

Washegarin Sallah aka cika falonsa. Aka ci nama, aka sha lemo. Alhaji ya miƙe cikin babbar riga, ya buɗe ƙofar baranda da hannu biyu.

"Jama'a, ku duba. An ce ba zai rayu ba. 'Yar China ta faɗa, wasu na cikinmu ma sun faɗa. Amma wanda ya iya riƙon tsiro mai laushi irin wannan a baƙuwar ƙasa, a tsakiyar damina, ku gaya mini, riƙon jama'a zai gagare shi?"

Aka yi kabbara. Lokacin La'asar ya yi, ya ɗauki buta ya tsuguna a gaban kowa ya ba su rabonsu. Ruwan ya riƙa gangarowa daga ganye yana ƙas-ƙas, kamar a kan lema.

A nan ne Alhaji Maidaji ya taso. Shi ne dattijonmu, gemu fari fat, kuma shekara ashirin ke nan yana tura wa masu adon wurin biki kaya daga Guangzhou. Ya dogara sandarsa, ya sunkuya, ya murza ganye ɗaya. Ya bi reshen da yatsa har gindi, ya zaro shi gaba ɗaya. Maimakon saiwa, waya ce a lanƙwashe, da 'yar farar takarda manne a jiki. Ya sa tabarau ya karanta a natse.

"Ja'afaru, wannan ai lamba ɗari biyu da shida ce. Dozin goma a kwali. Da ka yi mini magana, akwai mai raɓa a jiki, ya fi wannan kama da gaske."

Tarin nan namu ya dawo, wannan karon har da hawaye. Wani ya faɗo daga kujera. Malam Sha'aban kaɗai ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma, shi da ba shi da wayewa.

Aka zo zaɓe, aka ɗaga hannu. Sha'aban ya sami ashirin da tara. Alhaji ya sami biyu, domin hannu biyu ya ɗaga.

Ana fita ana neman takalma, Alhaji Maidaji ya dafa kafaɗar Alhaji Ja'afaru don ya ba shi haƙuri.

"Kada ka damu, ɗana. Baɗi ka shuka na gaske."

Sarkin Baranda ya gyara babbar rigarsa. Ya dubi agogon dattijon, ya dubi takalman da ke jere a bakin ƙofa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Na gaske? Baba, a cikinku wa ya taɓa tura wa Kano abu na gaske? Shekara ashirin muna cika kwantena da jabu ana ce mana Alhazai. Ni da na dasa nawa a tukunya ban sayar wa kowa ba, ni ne abin dariya?"